Hedimasta Mai Ɗalibai Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku gyara zama, yau asirin kaina zan tona da hannuna. Wadda dariya ta kama kada ta danne, don ni ma da nake latsa wayar nan dariyar nake yi.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina, sunana Hasiya. A shekarar casa'in da uku shekaruna ashirin da shida, 'ya'yana biyu, Indo mai shekara bakwai da Ado mai biyar. Ubansu Ahmadu shekararsa biyu da rasuwa. Tun da na fita takaba na kwaso su muka dawo gidan Innata a Hayin Banki: ɗaki biyu, kicin, dogon yaro ɗaya a tsakar gida, da wata akuya marar kunya.

A wannan shekarar malaman firamare suka tafi yajin aiki. Wata biyu cur ƙofar makaranta a garƙame. Indo ta koma taya Inna jeran ƙosai a ƙofar gida, Ado kuwa ya ɗauki kwangilar kwatar unguwa, da safe ya shiga, sai yunwa ta fito da shi.

Kuma ranar da Ado ya fi kowace rana baƙi, ranar Yaya Tanko ya zo.

Yaya Tanko wan marigayi ne, hatsi yake sayarwa a Katabu. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Indo sunan mahaifiyarsu ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai "uwata". Ya tsayar da a-kori-kurarsa, ya dubi uwarsa da tire, ya dubi Ado da ido kawai ake gani, sai ya shigo ya zauna a tabarma. Ni kuma irin wannan zaman nasa nake tsoro.

"Hasiya, zan tafi da su Katabu," ya ce. "Akwai makarantar kuɗi can, nawa na zuwa. Amanar Ahmadu ce, ba zan zuba ido ba."

Waɗannan biyun su ne abin da ya rage mini. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ni zan koyar da su, Yaya. A gida."

"Ke?"

"Ai na yi makarantar horon malamai."

To 'yan uwa, bari in gaya muku abin da ban gaya masa ba. Na yi, amma a aji uku na ajiye, ba wanda ya tilasta ni, Ahmadu na gani da farar shadda na ce boko ya ƙara gaba. A shekara ukun ma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne kitso.

"Kwana arba'in," ya ce. "Zan dawo. Takardar da na miƙa wa uwata, in ta karanta na bar miki su. In ta kasa, ki haɗa musu kayansu, kada mu ja magana."

Na ce na yarda, har da ɗaga kai.

Washegari na buɗe makaranta. Mai hankali da zai fara koyar da 'ya'yansa, littafi zai nema. Ni allo na fara nema. Na fasa tsofaffin baturan rediyon Inna, na kwaɓa baƙin da danyen ganye yadda muke yi a firamare, na shafe bangon kicin ɗinta da aka yi wa farar ƙasa da Sallah. Ta shigo da kaskon suya ta tsaya.

"Innalillahi! Hasiya, gobara aka yi?"

"Allo ne, Inna."

"Allon uwaki! Bangon nawa?"

Na rataye tsohon murfin tukunya a dogon yaro, shi ne ƙararrawa, ludayi ne mabugi. Na wanke wa Indo yunifom na goge, Ado na ɗinka masa gajeren wando da ragowar yadi. Na zana jadawalin darasi da rula, kwana biyu ina yi, darasi takwas a rana har da ilimin ƙasa. Na liƙa a ƙofa da ƙullun koko. Kafin azahar akuya ta cinye daga Litinin zuwa Laraba.

Ni kaina sai kun gan ni. Atamfata mai ganyen kuka, ɗauri a gaban goshi, agogon marigayi da ke zamewa har gwiwar hannu, takalmi mai tsini a tsakar gidan ƙasa, ga tsumagiya a hammata. Ƙarfe bakwai da rabi na buga murfin tukunya.

"A yi layi!"

Mutum biyu. Sai da na ware layin mata da na maza.

Muka yi addu'a, muka yi taken ƙasa, na duba farce, na buɗe rajista.

"Ado Ahmadu!"

"Umma ai kin gan ni."

"Ba Umma a nan. Malama za ka ce."

Rana ta uku na sa Indo tsallen kwaɗo don ta makara, alhali daga ɗakinmu zuwa aji taku shida ne, kuma ni na tsayar da ita neman ɗankunnena. Inna na daga ƙofar gida tana cewa, "Hedimasta, in an tashi tara a zo a ɗauke mini mai daga wuta."

Haka muka cinye kwana goma sha biyar. Asambili ba ya wuce mu, rajista ba gyara, karatu ne kawai babu. In na nuna allo na ce ba, be, bi, bo, bu, Indo ta rera har da rausaya. In na rufe sauran na nuna guda ɗaya na ce mene ne wannan, sai ta dubi dogon yaro. Na rubuta mata "Ado ya ga akuya". Ta ce, "To ai kullum yana ganinta." Na ɗaga tsumagiya, na ga idonta irin na ubanta, na sauke. Na shige kicin na yi kukana a bayan allon, na share na fito na buga ƙararrawa.

Ana cikin haka littafin rubutu ya ƙare. A nan Malam Rabe ya shigo maganar.

Malam Rabe mai tafireta ne a Doka, a gindin bishiya yake zama yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Dogo ne siriri, matarsa ta rasu ba su haihu ba. Kullum da safe yana tsayawa da baƙin kekensa ya sayi ƙosai wurin Inna. In muka haɗu a zaure, "Sannu da gida" zai ce, in amsa, ya sake cewa "Sannu da gida", in amsa, ya hau keke. Amma a takarda, ke dai bari! Duk Litinin da Alhamis sai ya bar wa Inna ambulan. Zamanin ba wayar hannu, saƙonmu ke nan. Inna ba ta karanta boko, amma takan miƙo mini da hannu biyu tana murmushi.

"Ni fa ba karantawa nake ba," nakan ce.

Ƙarya nake. Sau uku nake karanta kowace, sannan in sa a ƙarƙashin katifa. Ban taɓa ba shi amsa ba, wai ni mai aji.

Takardunsa farare ne ƙal, masu kauri, bayansu ba ko ɗigo. Sai na ce ga littafi Allah ya kawo. Na kife su, na ja layi da rula, na ba yara. Har yabon kaina na yi da dabara. Na ce yarinyar da ba ta raba ba da bu, me za ta gane a rubutun tafireta?

Rana ta ashirin Inna ta same ni ina wankin yunifom.

"'Yar nan, ki ba Tanko 'ya'yansa. Jininsu ne, ba cutarsu zai yi ba. Wane namiji ne zai kwashi mace da 'ya'ya biyu da murfin tukunya?"

Na tsame hannuna daga kumfa. "Malam Rabe ne ya ce haka?"

"Ba sai ya faɗa ba."

Ni kuma na ɗauka ya faɗa. Raina ya ɓaci har wuya, don ina son mutumin nan, yau na faɗa. Daga ranar, in Inna ta miƙo ambulan sai in farke, in kife takardar ba tare da na kalla ba, in ja layi, in miƙa wa Indo. Na ce ya ci gaba da bugowa, makarantata na buƙatar takarda.

Cikin kwanakin ne Indo ta canza. Ta daina fita wasa lokacin tara. Sai ta ɗauki takardarta ta shige bayan randa, baki na motsi. Na ce Alhamdulillahi, tarbiyyata ta fara kama ta. Wata rana ina tankaɗe ta ce,

"Umma, mece ce gaggawa?"

"Sauri. A ina kika ji?"

"Haka nan."

Kwana biyu kuma ta ce, "Umma, Doka da nisa?" Na ce rediyon Inna na buɗe wa yarinyar nan kai. Kun ji hedimasta.

Saura kwana uku wa'adi ya cika, na gwada ta a allo ta kasa, sai tsoro ya sa na yi abin kunya. Na rubuta jimla biyar, na sa ta haddace su safe da yamma, inda za ta ɗan tsaya ta yi kamar tana tunani ma sai da na koya mata. Na ce in Yaya ya shigo zan ja shi gaban allo kafin ya tuna da wata takarda. A ɓoye kuma na wanke kayansu na ninke a jaka, na tura ƙarƙashin gado don kada su gani.

Ranar Asabar da hantsi muka ji tsayuwar a-kori-kura. Na sa leshina ruwan hoda na fitar biki, na ɗaura agogo. Inna ta rufe kasko ta shigo ta zauna a kan turmi. Yaya Tanko ya sha ruwa, ya dubi baƙin bango, ya dubi murfin tukunya.

"Bismillah Yaya, ga allo," na ce da sauri. "Indo, tashi."

Ta miƙe, na nuna da tsumagiya. "Ado… ya ga… akuya."

Sai ga murya daga bakin randa. Ado ne, ya ba allo baya yana tura gwangwani. "Inna ta soya ƙosai! Baba ya hau mota! Ruwa ya cika randa! Kaza ta sha ruwa!"

Har yanzu in na tuna sai na ji zafi a kunnena. Yaya Tanko ya dubi ƙeyar Ado, ya dube ni.

"Wannan karatun ko da ƙeya ana yinsa," ya ce. "Takarda na ce, Hasiya."

Ya shafa aljihu, sannan idonsa ya faɗa kan tarin takardun da ke kan benci. Ya zari ta sama. Ya ga ba, be, bi na Indo, ya juya bayanta.

Wayyo ni Hasiya!

"Yawwa, ga rubutun inji. Wannan ba ke kika rubuta ba. Uwata, zo."

"Yaya, wannan ba ta darasi ba ce…"

"Shi ya sa."

In na fizge, na faɗi jarrabawa. In na bari ta kasa, jaka na ƙarƙashin gado. In kuma ta iya, to ban ma kawo wannan a raina ba. Na tsaya da tsumagiya a hannu, gumi na bin bayan leshi.

Indo ta karɓa, ta ɗora yatsa. Ba rerawa, ba rausaya.

"Zu-wa ga Ha-si-ya. Bayan gai-su-wa mai yawa. Ina gai da Indo da Ado."

Ta ɗago ta ce, "Baffa, kullum sai ya sa sunana. A nan na fara ganewa."

Ashe ke nan. Ni ina can ina fama da akuya, yarinya ta ga sunanta a takardar wani, ta ce sai ta san me ake faɗa a kanta. Ba, be, bi ɗin da na ɗauka a iska suke tafiya, su ta kwasa ta shige da su bayan randa.

"Ci gaba," in ji Yaya.

"Wannan ita ce ta goma sha tara. Ina jiran am-sa cikin gag-ga-wa." Ta dube ni. "Sauri ke nan, Umma."

"Na sani," na ce.

"Inna ta gaya mini ta ce ki ba da yaran don ki samu aure. Wal-la-hi ban aike ta ba."

Inna ta miƙe daga kan turmi. "Bari in duba mai, na bar shi a wuta."

"Inna, kin rufe kasko," in ji Ado.

Ta koma ta zauna tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Indo ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi, ni kuma ina jin maganar da aka rubuto mini a karon farko, daga bakin 'yata, a gaban wan mijina.

"Ɗakin da na kama a Doka biyu ne, ɗaya na yara. Akwai bango mai kyau, in kina son allo ni zan sha-fa. Ranar Juma'a zan je Katabu in gai da Malam Tanko. Zan gaya masa, in sai an raba ki da su za a ba ni ke, to na ha-ƙu-ra. Gara ki zauna da su ba ni, da ki zo mini kina kuka. Naki, Rabe."

Akuya na gefe tana tauna wani abu. Daga baya na gano rajista ce.

Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba. Kunya na ci na, daɗi na ci na, ga haushin kaina. Kwana ashirin ina zargin bawan Allah, ina jan layi a bayan maganarsa da rula.

Yaya Tanko ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa a hankali, don shi ma bokon nasa na rasit ne. Ya gama, ya jawo Indo ya ɗora hannu a kanta. Sai na ga idonsa ya kaɗa.

"Ahmadu bai ga wannan ba," ya ce.

Ya yi gyaran murya. "Karatu na ce, karatu na gani. Yara na wurinki, Hasiya, ko da aure ko babu. Amma ki sauke murfin tukunyar nan, ki ajiye bulala. Ki riƙa ba ta abin da take son sani. Shi kuma wannan mai ƙeyar, ki fara masa da sunansa."

"To Yaya. Na gode Yaya." Na durƙusa, agogo ya zame ya faɗi.

"Mutumin kuma ya zo jiya, kamar yadda ya ce. A keke, tun daga Doka. Ya ce mini 'Sannu da gida' sau huɗu kafin ya iya magana. Ya ce wasiƙa goma sha tara ba amsa. Na ce masa wataƙila malamar ce ba ta iya karatu ba."

Inna ta fashe da dariya, har da tafi, kamar ba ita aka tona yanzu ba.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "A Katabu ya kwana, don kekensa ya yi faci. Tare muka taho. Yana gaban mota."

"Wace motar?" na ce.

"Mota nawa kika ji ta tsaya? Na ce ya shigo, ya ce shi ba ya iya magana a tsaye, a miƙo masa a rubuce. Ni kuma kasuwa nake sauri."

Na duba hagu na duba dama. Duk gidan nan ba takarda ko ɗaya sai tasa, kuma duk mun cike bayansu da ba, be, bi. Na ɗauki fensir, na ajiye. Ga Inna ta zuba mini ido, ga Yaya a bakin zaure yana kaɗa makulli.

Indo ta zauna a benci, ta samo ɗan fili a ƙasan wasiƙar, daidai ƙarƙashin sunansa. Ta lashi bakin fensir, ta ɗago ta dube ni.

"Umma, e zan rubuta ko a'a? Duka biyun na iya."